Harajin Malam Na'Allah

Malam Na'Allah mutumin Bodinga ne, kuma duk wanda ya taɓa kiwon saniya a wannan yanki ya san shi, don shi ne mai yi wa shanu allura. Tun yana saurayi yake aikin nan, bisa keke, da akwatin magani ɗaure a baya, ruga zuwa ruga, har gemunsa ya soma fari aka ce ya huta. Ya huta ɗin kuwa, bai yi gardama ba. Yana da 'yar fadamar albasa a bayan gari, yana da rago guda da yake kiwo, in wata ya ƙare kuma ya je ya karɓi fansho. Matarsa ta rasu da 'yan shekaru. 'Yarsa da ke aure a unguwar gaba ita ke aiko masa da tuwo. Mutum ne marar hayaniya, in ka same shi a ƙofar gida yana gyaran igiya sai ka ce duniya ba ta taɓa ɓata masa rai ba.

Ana nan, wata ranar kasuwar Shagari ya shiga mota ya tafi neman tunkuza don ragonsa. A bakin kasuwa, gindin wata darbejiya, ya tarar da wata mata tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Safinatu sunanta. Ba yarinya ba ce, ta aurar da 'ya'ya, mijinta ya rasu, ta dawo gidan yayanta da zama. Ta auna masa tunkuza, ta ƙara masa gyara, ta ce Allah ya raya rago. Shi ke nan abin da ya faru.

Kasuwa ta zagayo, sai ga Na'Allah. Ta sake zagayowa, sai ga shi. Tunkuza ta taru a ɗakinsa har ɓeraye suka samu labari. Ranar da ya zo karo na ban san nawa ba, Safinatu ta dube shi, ta ajiye ludayi.

"Malam, wai ragon ga naka, giwa na?"

Na'Allah ya sosa ƙeya. "Shina da ci dai."

"To Allah shi ba shi lahiya. Amma in akwai wata magana bayan ta rago, ba nan aka yin ta ba. Ina da Yaya. Ka tambayi gidan Attahiru baduku, kowa ya san shi."

Ta faɗi haka tana kallon kwalbar da take cikawa, amma ya ga gefen bakinta. Ya koma Bodinga ran nan bai ji ramukan hanya ba.

Shi wannan Malam Attahiru, kafin ya zauna ga dukanci, ya daɗe yana bin masu ƙidayar haraji ƙauye ƙauye. A zamanin da, in an zo ƙidaya, akan tara mazan gari a duba: wane ya isa biya, wane ya tsufa a ɗauke masa. Attahiru ne mai dubawa. Ko da 'yan siyasa suka zo aka daina karɓar kuɗin kai, idonsa bai daina aikin ba. Maza a wurinsa kashi biyu ne, masu biya da waɗanda aka ɗauke wa. Wanda aka ɗauke wa kuwa, a ganinsa, ya gama. Sai dai a shimfiɗa masa buzu a inuwa a jira.

Na'Allah ya sa rigarsa ta Juma'a, ya sayi goro, ya yi sallama a zauren Attahiru. Ya tarar da dattijo dogo, busasshe, yana ɗinkin kube. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gajiya da ruwan bana. Sannan Na'Allah ya faɗi abin da ke tafe da shi, a hankali, yana kallon tabarma.

Attahiru bai ɗaga kai ba. "Mi kake yi yanzu?"

"Na aje aiki. Ina taɓa albasa."

"Ɗan fansho ke nan."

"I, haka na."

"To." Ya ja zare ya ciza. "Malam Na'Allah, ban da abin cewa ga halinka, na tambaya an hwaɗa mani. Amma bari in gaya maka. Ƙanwar ga tawa ta yi jinyar miji shekara da shekaru. Ita ka ɗaga shi, ita ka aje shi, ita ka wankin shimfiɗa, har Allah ya karɓi abinai. Da ta dawo gidan ga ƙashi da fata ta. Yanzu ta ɗan murmure, sai in ɗauke ta in kai ma wani tsoho ta sake sabuwar jinya? Gwamnatin da ka yi ma aiki ita da kanta ta dube ka ta ce ka gama. Ni wa na da zan ce ba ka gama ba?"

Na'Allah ya miƙe. Ya bar goron, ya yi sallama. A hanya ya yi ta duba hannuwansa, yana dunƙulawa yana buɗewa. Shi dai bai ji ya gama ba.

A wannan shekarar ne aka kawo wata na'ura a ofishin da ke shirya biyan kuɗi a birni. Masu boko suna ce mata kwamfuta, tsofaffi kuma suka sa mata suna akawun ƙarfe. Aka ce ba ta barci, ba ta karɓar goro, ba ta kuskure. Ranar biya, 'yan fansho suka taru a barandar da aka saba, kowa da sandarsa da butarsa. Akawun da ke biyansu, Maniru, magidanci ne mai haƙuri, ɗan garin. Ya buɗe wasu takardu dogaye masu huji-huji a gefe, ya riƙa yaga wa kowa tasa yana haɗa masa da kuɗinsa.

Ɗantani ne ya fara magana. Abokin aikin Na'Allah ne, tare suka yi yawon allura, gajere mai baki.

"Maniru, kuɗɗin ga sun rame. Ko akawun naku na ƙarhe ya ɗebi na mai?"

Maniru ya karɓi takardar ya duba. Ya duba ta Na'Allah, ya duba ta sauran waɗanda suka yi aikin dabbobi. Ya cire tabarau ya murje ido.

"Baba, haraji anka cire muku."

"Haraji? Mu?"

"Kuskure na. Ƙa'idar da anka ba mu, ba a taɓa kuɗɗin fansho. Amma ku ma'aikatan dabbobi, da anka zo shigar da sunayenku cikin na'ura, sai anka zuba ku cikin masu aiki. Ita kuwa duk wanda ta gani nan, albashi take ɗauka shina ci, sai ta yanki haraji. Ba ta san kun aje ba."

Baranda ta kaure. Wani ya ce a kai masa na'urar ya gan ta ido da ido. Wani ya ce ai dama abin da ba ya salla ba a ba shi amanar kuɗi. Ɗantani ya ce shi a rayuwarsa ba abin da bai yi wa allura ba, in an bar shi da ita zai gwada.

Na'Allah shi kaɗai ya koma gefe yana kallon takardarsa. Sai da mutane suka ragu ya matso kusa da tebur.

"Maniru, tsaya in gane. Ita na'urar, cewa ta yi ina cikin masu aiki?"

"Haka ta ɗauka, Baba."

"Kuma rubuce shike nan, ina biyan haraji?"

"Ga shi nan, wanga layi. Amma kak ka damu, za mu rubuta a gyara."

"A'a, ba damuwa," in ji Na'Allah. Ya ninke takardar da kyau, ya cire hula, ya sa ta ciki, ya mayar.

Ba a ce ya yi niyyar ƙarya ba. A zuciyarsa ya riƙa cewa, abu ne da aka ce ba ya kuskure. Wa ya sani ko ta fi mutane gani? Kasuwar Shagari na zagayowa ya sake sallama a zauren Attahiru, ya ciro takarda daga hula ya miƙa da hannu biyu.

Attahiru ba ya karanta boko. Ya aika aka kira masa wani malamin makaranta maƙwabcinsa. Malamin ya bi layi da yatsa, ya ce lalle ga suna, ga kuɗi, ga kuma harajin da aka cire, irin wanda ake cire masa shi ma.

"Irin naka na ma'aikata?" in ji Attahiru.

"Shi ɗin dai."

Attahiru ya ajiye basilla. Karon farko ya dubi Na'Allah sosai, daga hula har takalmi. Ya daɗe yana dubawa.

"Gwamnati ba ta karɓar haraji ga gajiyayye," ya ce a hankali, kamar mai yi wa kansa magana. "Wannan ni shaida na. To, Malam, ban ce i ba tukuna. Amma ka ci gaba da zuwa, kana kawo mani takardar duk wata. In an cire albasa mu zauna."

Watannin da suka biyo, Na'Allah ya ji daɗinsu ƙwarai. Ranar kasuwa yakan zauna a benci kusa da darbejiya, ba kusa ƙwarai ba, su yi hira da Safinatu tsakanin mai saye da mai saye. Ta ba shi labarin jikokinta, ya ba ta labarin wani bajimi da ya taɓa kora shi har bisa rumbu. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Duk ƙarshen wata na'ura ta yanki rabonta, shi kuwa ya karɓi sauran da fara'a, har Maniru ya fara yi masa wani irin kallo.

Sai dai shekarar ba ta yi wa mutane daɗi ba. Kaya suka yi tsada, sannan suka ɓace. Sabulu sai an san ka, shinkafa sai labari, madara da sukari sai a yi layi tun safe a dawo hannu wofi. Fansho ma ya fara latti. Ɗan abin da na'ura ke yanka, wanda da can ake yi masa ba'a, yanzu ya zama cefanen kwanaki.

Maniru ya rubuta birni, ya sake rubutawa, ya je da ƙafarsa. Daga ƙarshe ya dawo da magana. Masu kula da na'ura sun ce ba za su buɗe ta don mutum ɗaya ɗaya ba, don a dunƙule aka shigar da 'yan aikin dabbobi, a dunƙule za a fitar da su. Sai kowa da kowa ya dangwala yatsa a takarda guda, shaidar ya ajiye aiki. In mutum ɗaya ya rage, ba za a taɓa ba.

Kowa ya dangwala a ranar. Na'Allah ya ce ya bar ruwa na gudu a fadama, zai dawo. Bai dawo ba. Da Maniru ya biyo shi gida, aka ce ya tafi Shagari. Da ya sake biyowa, ya same shi da babban yatsa naɗe da tsumma.

"Lauje na ya yanke ni," in ji Na'Allah, yana kallon gefe.

"Allah shi sawwaƙe, Baba. Na hagu hwa?"

"Ai ba a shaida da hagu."

Maniru mai kunya ne, bai ja ba. Amma Ɗantani ba shi da wannan ciwon. Da la'asar ya zo, ya zauna a dakali ba tare da an ce ya zauna ba.

"Ango, ango. An ce lauje ya cije ka."

"Ya yi sauƙi."

"Mu gani."

"An sa magani."

"Kai, Na'Allah. Ni da kai mun kwana ruga guda, mun sha nono ƙwarya guda. Duk Bodinga an san inda takardar ga take zuwa. Kai kaɗai na mutumin da anka yi ma sata yana godiya." Ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. "Ni ban hana ka aure ba. Wallahi ina son ka yi. Amma ka san gidana. Ɗiyan marigayi ɗana suna hannuna, ga kakarsu ba lahiya. Ka yi auren da wuri dai, mu samu mu huta."

Ya tashi ya kaɗe riga ya tafi. Bai roƙa ba, bai yi fushi ba. Da ya yi fushi da abin ya fi sauƙi.

Na'Allah ya riƙa gaya wa kansa saura kaɗan. Albasa ta kusa, ganye ya fara kwanciya. In an ɗaura aure, washegari zai dangwala, da yatsu goma ma in ana so. Haka yake ta lallashin zuciyarsa har ranar kasuwar Bodinga, ya bi ta layin masu gyaran keke. Nan ya ga wani tsohon keke jingine, an ɗaura masa ganye a kai alamar sayarwa. Ya san keken. Ya san lanƙwasar kariyar, ya san inda aka ɗaure sirdi da waya, don shi ya ɗaure shi da hannunsa wata rana a daji. Keken Ɗantani ne.

Ya tsaya nan kamar mai taya. Mai gyara ya ce, "Baba, ka saya? Tsoho na amma ƙarhe na gaske." Na'Allah ya girgiza kai. Daga nan bai koma gida ba. Ya wuce wurin Maniru, ya kwance tsumma a gabansa, ga yatsa lafiya lau. Maniru ya turo masa tawada.

Bayan wata biyu gyara ya zo. Kuɗi suka cika, layin haraji ya zama fili. Aka ce abin da aka yanka a baya za a mayar in hali ya yi. 'Yan fansho suka yi ta sa wa Maniru albarka. Na'Allah ma ya sa, da zuciya ɗaya. Albasa kuma an cire, tana shanye a rumfa.

Ya fara zuwa gindin darbejiya. Ya gaya wa Safinatu komai, yana tsaye, bai zauna a benci ba. Ta saurara tana juya ƙuli-ƙuli a faranti.

"Malam, ni na taɓa tambayarka takarda?"

"Ba ki taɓa ba."

"To. Amma ka san Yaya. Shi ya riƙe ni sanda ban da kowa. In ya ce a'a, ba ni ƙetare shi, ko da raina bai so ba." Ta ajiye faranti. "Ba za ka iya bari sai bayan an ɗaura ba?"

"Shi ya ce in riƙa kawo mashi takarda duk wata. In ban kawo ba zai tambaya."

"To je ka. Ina nan."

Attahiru na zaure. Aka sake kiran malamin makaranta, ya duba, ya ce wannan karon ba a cire komai ba. Na'Allah ya yi bayani: kuskuren na'ura ne tun farko, an gyara, shi ma ya sa yatsa. Attahiru ya sallami malamin. Ya naɗe fatar da ke gabansa, ya tura ƙarƙashin tabarma, ya laluba takalmansa.

"Taso ka raka ni Lambara. Ina da fatu da zan amso."

"Mu tari mota?"

"Da ƙahwa."

Hantsi ya riga ya yi. Suka fita gari, suka bi gefen titi, Attahiru a gaba da dogayen ƙafafunsa, yana tafiya kamar wanda ake bi. Na'Allah ya bi shi. Gonaki duk an girbe, sai kara da awaki. Jefi-jefi babbar mota ta wuce ta kaɗa musu riguna.

"Ka san yadda nike gane mutum zamanin ƙidaya?" in ji Attahiru, bai waiwayo ba. "Ba a tsaye ba. A tsaye kowa tsoho na. Wani shi shafa toka ga gemu, wani shi aro sanda, wani shi zo shina tari awa zai mutu nan take. Sai in ce, taso raka ni wuri kaza. In ja shi da hira. Mai ɗingishin ƙarya, kafin a yi nisa ya mance da wace ƙahwa ya hwara. Tsohon gaske kuwa, ko shina son ɓoyewa, hanya ta hwaɗi. Na ga masu gudun haraji iri iri. Amma mai bin haraji da gudu, kai na na hwarko."

Na'Allah ya gane abin da ake yi. Ya gyara hula, ya daidaita numfashi. Gwiwarsa ta dama tana ɗan magana, amma ya saba da ita, shekaru nawa yana taka keke cikin yashi. Ya ga zai iya. Lambara ba ta fi ƙarfinsa ba, ko da za a je a dawo.

Suka yi nisa. Rana ta hau. Hirar Attahiru ta fara raguwa, sannan ta ɗauke. Na'Allah ya lura bayan rigar dattijon ya jiƙe sharkaf. Ya lura takunsa ya gajarta, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Shekara da shekaru aikinsa ke nan, ya dubi dabba daga baya ya san abin da ke damunta kafin mai ita ya buɗe baki. Numfashin nan da yake ji, mai ɗan fito a ƙarshe, bai yi masa daɗi ba. Ya kuma san mutum irin Attahiru, shi da ya kira tafiya, zai faɗi a kan titi kafin ya ce a tsaya.

Ga wata tsamiya can gaba kaɗan, a gefen hanya. Bayanta kuma fili ne fetal, ba inuwa sai an yi nisa. Na'Allah ya dubi tsamiya, ya dubi bayan Attahiru. Ya tuna Safinatu a gindin darbejiya tana jira. Wanda ya fara cewa ya gaji, an san kashin da za a sa shi.

Suka zo daidai itacen. Attahiru bai ko kalle shi ba.

"Malam Attahiru," in ji Na'Allah. "Ni dai na gaji. Gwiwa ta ƙi. Don Allah mu ɗan zauna."

Ya dafa gwiwa, ya ɗingisa zuwa inuwa, ya zauna bisa saiwa. Attahiru ya tsaya a rana kamar zai wuce. Sannan ya juyo, ya zo, ya zube a ɗaya saiwar, ya jingina da itace ya rufe ido. Ƙirjinsa na hawa yana sauka. Na'Allah ya mayar da kansa ga wasu tururuwa da ke jan ƙwayar tsamiya, bai dube shi ba ko sau ɗaya.

Sun daɗe a haka. Wata Bafillata ta zo wucewa da ƙwarya, Na'Allah ya kira ta, ya sayi fura da nono, ya ce ƙishirwa ke damunsa. Ya kurɓa kaɗan ya tura wa Attahiru. Attahiru ya sha sosai. Launin fuskarsa ya dawo.

"Ba ka gaji ba," ya ce.

"Na gaji mana."

"Da ka dafa gwiwa, ta dama ka dafa. Da ka taho inuwa, da hagu ka ɗingisa. Na ga ƙaryar gajiya ta hi dubu, ban taɓa ganin marar kyau irin taka ba."

Na'Allah ya sosa ƙeya.

Attahiru ya juya ludayi cikin ƙwarya. "Ka san mi kake yi sanda ka ce mu zauna?"

"Na sani."

"Kuma ka ce."

"Rana ta yi zahi, Malam."

Dattijon ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya ajiye ludayi. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka.

"Tsuhwa dai ba ta tambayar kowa. Ko yaro na ba ƙanwar ga tawa, shina iya kwantawa gobe. Na san haka, ba yau ba. Tsoro na kawai nike ji mata." Ya share baki da hannun riga. "Ka turo magabatanka."

Na'Allah ya ji maganar, amma sai da ta ɗan jima kafin ta zauna masa. "Magabatana duk sun riga mu gidan gaskiya. Sai dai abokina, Ɗantani."

"Shina biyan haraji?"

"An ɗauke mashi."

"To turo shi haka nan. Mi za a yi."

Ba su kai Lambara ba. Suka tsaya bakin titi har wata a-kori-kura ta zo, shaƙe da buhunan albasa za ta kasuwar Shagari. Direba ya ce ba wuri sai bisa kaya. Yaran mota suka tura Attahiru sama, suka jawo Na'Allah, suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna riƙe da huluna. A hanya suka yi gardamar wa zai biya kuɗin mota, kowa ya rantse, har direba ya ce su bar shi don Allah, kansa na ciwo.

A bakin kasuwa aka sauke su. Safinatu na nan inda take, tana cika wa wata yarinya kwalba. Ta gan su tafe, riguna duk ɓawon albasa, hannu ba komai.

"Yaya, ina fatun?"

"Ba mu kai ba."

"Lahiya?"

"Lahiya lau. Wanga mutum na ba shi iya tahiya." Ya wuce abinsa wajen gida, sai da ya yi 'yan taku ya waiwayo. "In kin tashi kasuwa ki hwara duba kayanki, ki ga abin da za ki ɗauka. An ce Bodinga ma suna cin ƙuli-ƙuli."

Safinatu ta sunkuyar da kai. Ta ci gaba da zuba mai, har kwalba ta cika ya fara bin hannunta.

"Inna, ya zube," in ji yarinyar.

"Na gani. Kai ma uwarki haka nan, ki ce gyara na."

Na'Allah ya ja benci, ya matso da shi cikin inuwa sosai, ya zauna ya miƙe ƙafarsa. Yanzu kam gwiwar ta fara ciwo da gaske.